An sayar maka da raƙumi, an riƙe akalar

Ɗan yayata ya sayi babur mai caji bara, bayan ya gaji da kai rabin albashinsa gidan mai. Wata biyar yana mana yanga. Sai dai ka ga ya gifta ta ƙofar gida, ba ƙara ba hayaƙi, in an tayar da zancen tsadar fetur a majalisa ya yi murmushi ya kama danna wayarsa. Da damina ta kankama, wata rana ya ratsa ruwa a hanyar dawowa daga aiki. Washegari ya murɗa makulli, fitila ta kawo, babur ya ce bai san zancen ba. Ya kira ni ya ce, "Kawu, ko za ka raka ni wajen mutumin nan naka?"

Mutumin nawa bakanike ne da ya haura shekara ashirin yana gyaran babura a bakin titin unguwarmu. Daga jin ƙarar Boxer zai gaya maka ko fulogi ne ko kafireto, tun mai shi bai kashe ba. Ya zagaya babur ɗin, ya kwance murfi, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga wani ɗan akwatin alminiyam da aka cika cikinsa da baƙin danƙo ya daskare. Ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ciwon yana cikin nan. Ni kuwa nan ce iyakata." Da muka je shagon da aka sayi babur ɗin, mai shago ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya ce kayan gyara suna kan teku. Sati bakwai suka yi a kan tekun.

Tun daga lokacin nake bin labarin baburan lantarki a ƙasashen da suka riga mu shiga harkar, kuma abin da na gani ya tsayar min da ra'ayi guda. Duk kamfanin da ya ƙera babur ta yadda ba mai iya buɗe cikinsa sai shi, to ya ɗaukar wa kansa bashin gyara. Ko dai ya kafa wurin gyara a inda mai babur zai iya turawa ya kai da ƙafarsa, ko ya miƙa wa makanikan gari makulli. Ya riƙe makulli kuma ya ƙi zuwa gyara, wannan zalunci ne, komai kyan sunan da aka raɗa masa.

Amma bari in fara yi wa babur ɗin adalci. Yawancin abubuwan da ke cin kuɗin mai babur ɗin fetur babu su a nan. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kafireto, ba fistin da ringi, galibi ma ba kuloci ba giya. Abin da ya rage na ƙarfe da roba shi ne taya, birki, boris, shokazoba, sai sarƙa ko bel, kuma waɗannan kowane yaron gareji ya san su. Inda gizo ke saƙar shi ne sauran kayan. Akwai batir, wanda a manyan babura tarin ƙananan batura ne na litiyam da aka jera aka haɗa. Akwai ƙwaƙwalwar da ke gadin batirin, tana auna zafinsa da cikarsa, tana yanke wuta in ta ga abin zai wuce gona da iri. Akwai wata ƙwaƙwalwar da ke sauraron totur, tana raba wa inji wuta gwargwadon yadda ka murɗa. Sai caja, sai allon da ke gabanka. Kowanne cikinsu an dasa masa 'yar manhajarsa tun daga masana'anta, kuma hira suke da juna ta waya. In ɗaya ya ce bai yarda ba, babur ba ya tashi, ko da duk ƙarfen jikinsa lafiya lau yake. A masu tsadar kuma akwai layin waya a ciki, irin wanda ke cikin wayarka. Ta nan kamfani ke ganin inda babur yake da halin da batirinsa ke ciki, ta nan kuma yake turo sabuwar manhaja, ka kwana da babur mai hali guda ka tashi da mai wani halin.

Wannan turowar tana da amfani, ba na musu. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, zafi ne ke tsufar da shi da wuri, in ya yi tsanani ma ya kai ga gobara. Babur ɗin da aka gwada a ƙasar sanyi, in aka kawo shi inda ma'aunin zafi ke haura 40 a watan Afrilu, dole a sake koya wa ƙwaƙwalwarsa lokacin da za ta rage wuta da lokacin da za ta dakatar da caji. In allo yana yi maka ƙaryar cewa saura kilomita 30 alhali 12 ne, manhaja ce za ta gyara lissafin. A da, kuskure irin wannan sai an tattaro babura dubbai an mayar wurin dila. Yanzu a dare ɗaya ake gamawa. To amma daɗin wannan sauƙi ya sa wasu kamfanoni sun fara ganin kamar komai ma ta iska za a gyara shi, har da abin da sai an durƙusa an sa sifana.

A Indiya aka ga wannan ɓaro-ɓaro. Ita ce babbar kasuwar babura ta duniya, daga can ne Boxer da TVS da suka cika titunanmu suke fitowa. Ranar 15 ga Agusta 2021, ranar bikin 'yancin kan ƙasar, kamfanin Ola Electric ya ƙaddamar da wani babur mai siffar besfa da ya kira S1. Ba shi da makullin ƙarfe, lambar sirri ake dannawa a allo. Ba dila a tsakani: ta intanet za ka biya, a kawo maka har gida, in ya lalace ka kira a zo a duba a ƙofar gidanka. An gina ƙatuwar masana'anta a jihar Tamil Nadu, mutane suka yi ta rububin ba da kafin alƙalami.

Da aka fara miƙa baburan a watan Disamba 2021, sai masu saye suka tarar da dama daga cikin abubuwan da aka tallata babu su. Taswirar nuna hanya, riƙe gudu ba tare da murɗa totur ba, riƙe babur a kan gangara kada ya koma baya, duk an ce suna nan tafe a sabuwar manhaja. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai a nan an karɓi kuɗin birin cif. Wasu sun iso a tsakiyar 2022, wasu sai ƙarshenta. A cikin kyautar ƙarshen shekarar har da wani tsari da ke sa fitilun babur su riƙa walƙiya suna bin kiɗan da ka kunna. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan fitila mai rawa a ransa, don a daidai wannan lokaci hotunan da ke yawo a Indiya na baburan da ƙafarsu ta gaba ta karye ne a kan titi. Sai a watan Maris 2023 kamfanin ya ce duk mai so ya kawo a sauya masa ƙafar gaban kyauta. Kafin nan, a Afrilu 2022, ya janye babura 1,441 bayan da ɗaya ya kama da wuta a birnin Pune. Ƙafar gaba ƙarfe ce, babu manhajar da za ta ƙara mata kauri. Sai an samu wuri, da kayan gyara, da mutum mai hannu.

Su kuwa waɗannan ukun su ne suka yi ƙaranci. Ciniki ya yi ta hauhawa, har a wani lokaci cikin 2024 kusan rabin baburan lantarkin da ake sayarwa a Indiya na Ola ne, amma wuraren gyara ba su bi sawun cinikin ba. Baburan da suka lalace suka taru a harabar wuraren gyaran, ƙura ta lulluɓe su, masu su suna sintiri mako bayan mako. Makanikin bakin titi kuma ba shi da na'urar da zai tambayi ƙwaƙwalwar abin da ke damunta, ba shi da inda zai sayi kayan.

A watan Satumba 2024, a garin Kalaburagi da ke jihar Karnataka, wani matashi da ya gaji da zarya ya zo da fetur ya banka wa shagon kamfanin wuta, babura shida suka ƙone. Laifi ne babba, an kama shi, kuma ba mai hankalin da zai yaba masa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne bayanin da 'yan sanda suka yi cewa sana'ar matashin kanikanci ce. Bakanike ne, ga babur ɗinsa na kansa da ya saya da kuɗinsa, amma ba shi da ikon gyara shi. Wata guda bayan haka, ɗan wasan barkwancin nan Kunal Kamra ya saka hoton baburan da ƙura ta rufe a shafinsa, shugaban kamfanin, Bhavish Aggarwal, ya mayar masa da martani cikin izgili, yana gayyatarsa ya zo ya taya su gyara in ya damu. Cacar bakin ba ta yi wa kamfanin daɗi ba. Hannun jarinsa ya faɗi, kuma a kwanakin ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta Indiya ta aika masa takardar neman bahasi kan ƙorafe-ƙorafe sama da 10,000 da aka shigar cikin shekara guda. Kamfanin ya amsa cewa ya warware kashi 99.1 cikin 100. Hukumar ba ta gamsu ba, ta sa a zurfafa bincike.

Zuwa 2025, TVS da Bajaj sun sha gabansa a ciniki. Baburansu ba su fi nasa ƙyale-ƙyale ba. Abin da suke da shi shi ne dilolin da suka yi shekara da shekaru a kowane gari, da gareji a bayan kowane shago. Shi kansa Ola, da wuta ta yi wuta, alƙawarin da ya yi shi ne zai ninka wuraren gyara kuma ya horar da makanikai masu zaman kansu 100,000. Wato ya dawo neman mutanen da ya tsallake tun farko.

Ciwon Amurka daban ne, kuma a wajena ya fi ban tsoro, don shi a natse aka tsara shi. Kamfanin Zero Motorcycles na jihar Kalifoniya, wanda yake harkar tun 2006, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa da ƙwarewa a wannan fanni. A baburansa na 2022 ya buɗe wani shago a cikin manhajar waya da ya kira Cypher Store. Kana son batir ya ƙara nisan tafiya? Ka biya. Kana son caji ya ƙara sauri, ko babur ya riƙa ja da baya a hankali wajen ajiyewa, ko mariƙin hannu ya riƙa ɗumi lokacin sanyi? Ka biya. Ba abin da za a zo a ɗaura maka. Kayan duk suna jikin babur ɗin tun ranar da ka saya. Batirin da aka sayar maka a matsayin mai ɗaukar wuta kilowat-awa 14.4 ana iya buɗe shi har 17.3, domin baturan suna ciki, kana ɗauke da nauyinsu duk inda ka je, manhaja ce kawai ta hana ka taɓa su. Kamfanin motoci na BMW ma ya gwada irin wannan da kujera mai ɗumi, yana karɓar kuɗi wata-wata, surutu ya yi yawa ya janye a 2023.

Masu kare wannan tsari suna cewa ƙera babur iri ɗaya ya fi wa masana'anta arha, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana samun shiga da farashi mai sauƙi, in ya samu hali ya ƙara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma Zero bai ɓoye wa kowa ba. Ni abin da ya dame ni shi ne abin da tsarin ya tona. Wanda zai iya ƙara maka ƙarfin babur yana zaune a ofishinsa, zai iya rage maka shi daga wannan kujerar. Ka biya kuɗin raƙumi, an ba ka rasit, amma akalar tana hannun wanda ya sayar. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin magana kan cinikin da aka gindaya masa sharaɗin da ke tauye mai saye daga sarrafa abin da ya mallaka, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a kai musu wannan sabuwar mas'alar su duba.

Haka batun yake a wajen gyara. Akwai ayyukan da ba a yin su sai da kwamfutar dila, irin su daidaita inji da ƙwaƙwalwarsa ko gabatar da sabon kaya ga sauran don su karɓe shi. Diloli kuwa ba su da yawa, ƙasar ga faɗi, sai mutum ya ɗora babur a akori-kura ya yi tafiyar sa'o'i saboda aikin da bai fi na minti talatin ba. Dilan da kansa sau da yawa baburan fetur ne abincinsa, na lantarki ba ya kawo masa kuɗin juyen mai, don haka bakanike ɗaya ya tura horo, in wannan ya bar aiki shi ke nan. Kamfanoni kuma suna da wata sanda da suke kaɗa mutane da ita, wato garanti: in wani ya taɓa, garanti ya faɗi. A 2022 sai da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tilasta wa Harley-Davidson ya cire irin wannan sharaɗi, domin ya saɓa wa dokar da ke nan tun 1975.

In kamfanin ya mutu fa? Wannan ba tatsuniya ba ce. Cake na ƙasar Suwidin ya durƙushe a Fabrairu 2024. Energica na Italiya, wanda shi ne ya samar da baburan gasar tseren baburan lantarki ta MotoE daga 2019 zuwa 2022, ya bi sahu a Oktoba 2024. Kafin su, a Yuli 2023, kamfanin kekunan lantarki na VanMoof a Holan ya karye, masu kekuna suka shiga zullumi domin makullin da wayarsu ke amfani da shi wajen sarrafa keken yana fitowa ne daga kwamfutocin kamfanin. Sai da wani abokin gasarsa na Beljiyam, Cowboy, ya yi maza ya fitar da manhajar da za ta ba su damar adana makullansu. Wanda ke da tsohuwar Honda ko Suzuki ta shekara talatin bai taɓa kwana da tunanin ko kamfanin yana raye ba.

Na san amsar da injiniyoyi za su ba ni, kuma ba amsar banza ba ce: wuta. Gobarar batirin litiyam ba irin wadda muka saba ba ce, tana tashi cikin daƙiƙoƙi, tana da wuyar kashewa, tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. A birnin New York kaɗai, mutum 18 ne suka rasu a 2023 sanadin irin wannan gobara, galibi daga baturan kekuna da ƙananan babura marasa inganci ko waɗanda aka yi wa kwaskwarima. Mu kuma mun san halinmu. Fis ya ƙone, a ɗaura waya a wuce wurin. Ba za a rasa wanda zai ce a cire masa abin da ke rage gudu, ko a sa batir ya sha caji fiye da ƙima don ya ƙara zango ba, kuma ba za a rasa wanda zai yi masa a kan naira dubu biyu ba. Saboda haka na yarda, iyakokin da ke tsare batir su zauna a kulle, kada a ba kowa.

Sai dai tsakanin sauya iyakar batir da karanta abin da ke damun babur akwai tafiya mai nisa, kuma da gangan kamfanoni ke cakuɗa su. Bakanike ya ga lambar matsala ya san ma'anarta, ya samu zanen wayoyi, ya sayi sabuwar ƙwaƙwalwa ya ɗaura ta karɓu, wanne ne a ciki zai tayar da gobara? Hasali ma rufewar ce ke kawo ta. Mutumin da babur ɗinsa ya yi wata biyu a ajiye, abincin gidansa kuma a kansa yake, ba zai zauna jiran teku ba. Zai kai wa mai gyaran janareta a yanke nan a jona can, cikin duhu, ba littafi ba na'ura.

Kuma an taɓa warware irin wannan a harkar mota. Duk wanda ya je gareji a Kano ko Kaduna ya ji an ce "a sa mata kwamfuta". Yaro ya zo da 'yar na'ura ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi abin da ke damun motar, Toyota ce ko Honda ko Marsandi. Kamfanonin ba don Allah suka yi wannan ba. Doka ce a Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar daga 1996 ta zo da wannan kafa iri ɗaya, mu kuma muka ci gajiyarta ta hanyar motocin da ake kawo mana na hannu. To amma saboda hayaƙi aka yi dokar, don a riƙa gane motar da ke gurɓata iska. Abin da ba ya hayaƙi sai ya sulale ta ƙarƙashinta. Shi ya sa a baburan lantarki kowane kamfani da irin kafarsa, da irin yarensa, da na'urarsa da ba ya sayar wa kowa.

Me ya kawo mu cikin wannan zance? Fetur. Tun da aka cire tallafi a Najeriya a watan Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma babur mai caji ya tashi daga abin kallo ya zama abin lissafi. Iri biyu ne ke shigowa. Akwai ƙananan na Sin irin na ɗan yayata, waɗanda ba su da layin waya, ba mai turo musu komai, amma kuma ba su da uba: ba littafi, ba kayan gyara, wani lokaci ko sunan masana'anta babu. Sai kuma na kamfanoni masu tsari irin su Spiro, wanda ya fara daga Benin da Togo ya bazu har Najeriya da Kenya, da Ampersand na Ruwanda. Su waɗannan galibi babur suke sayar maka, batir nasu ne, in ya ƙare ka je tasha ka ajiye ka ɗauki cikakke ka biya. A Kigali ma tun Janairu 2025 an daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista. Tsari ne mai kyau ga ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu, tunda batir shi ne mafi tsada a jikin babur kuma an ɗauke masa nauyinsa. Amma a lura, babur ɗin ba ya cin batirin kowa sai na kamfaninsa. Ka yi tunanin Boxer da ba ta shan man kowane gidan mai sai na mutum ɗaya.

Ga kuma kullewa daga nesa. Mun riga mun san ta a wayoyin da ake bayarwa bashi, ka yi jinkirin biya allo ya rufe. Ita ce ke sa a yarda a ba talaka babur ba tare da jingina ba, don haka ba zan ce a hana ta ba. Amma waya daban, abin hawa daban. Kada a kashe babur yana tafiya, kada a kashe shi ba gargaɗi, kuma ranar da mutum ya biya kobon ƙarshe a cire wannan igiya gaba ɗaya, a ba shi shaida a rubuce. Wanda ya gama biyan balas bai kamata ya ci gaba da zama ɗan haya a kan abinsa ba.

Hukumomin da abin ya shafa suna nan: FCCPC mai kare masu saye, SON mai kula da ingancin kaya, NADDC mai kula da harkar ƙera motoci. Yanzu ne lokacinsu, tun kasuwar tana jaririya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda zai shigo da babur ɗin lantarki ya sayar, a sa shi ya rubuta shekara nawa zai yi yana kawo kayan gyara da gyaran manhaja, kuma a ga kayan a ƙasa kafin a ga tallar. Littafin gyara da ma'anar lambobin matsala su zama na kowa, na'urar dubawa a sayar da ita a farashin da mai gareji zai iya. Sabuntawar da za ta rage gudu ko zango, a gaya wa mai babur da harshen da yake ji kafin a tura, in ba ta tsaron rai ba ce a bar masa zaɓi. Sannan babur ya iya tashi ya yi tafiya ko babu sabis, ko kamfanin ya rufe. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka taɓa rufe layukan waya na jiha sukutum saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Zamfara a 2021. Ƙungiyoyin masu babura da ke sayen ɗaruruwa a lokaci guda ma suna da bakin magana, in sun ga dama su sa waɗannan a takardar ciniki ba sai sun jira Abuja ba.

Kada kuma wani ya ce mana makanikanmu ba za su iya ba. A shiga Farm Centre a Kano a ga samarin da ba su taka jami'a ba suna ɗaga ƙananan kayan cikin waya da ba a gani sai da madubi, suna sauya manhaja, suna tayar da wayar da aka ce ta mutu. Tecno ma ba da talla kaɗai ta ci kasuwar Afirka ba, ta kafa wuraren gyaranta na Carlcare, kayan gyaranta kuma suka wadata a kasuwa. Boxer ta zama sarauniyar ƙauye ne don duk inda ta mutu akwai mai tayar da ita kafin la'asar.

Kayan ɗan yayata dai sun sauka daga tekun a mako na takwas. Mutumina ya ɗaura sabon akwatin cikin minti ashirin, babur ya tashi, ya kuma naɗe bakin wayoyin da roba saboda ruwa, abin da masana'antar ba ta yi ba. Tsohon akwatin ya roƙa a bar masa. Ran nan na wuce da yamma na tarar da shi zaune a kan benci, ya kafa tabarau, yana ƙwaƙule baƙin danƙon nan da tsinin wuƙa kaɗan-kaɗan. Ya riga ya tono kusan rabi, har ya gano wani ɗan abu mai ƙafa uku da ya ƙone. Na ce, "Oga, me za ka yi da shi?" Ya ce akwai wani yaro a Farm Centre da ya ce in ya karanto masa lambar da ke jiki zai nemo masa irinsa.